Kafin a Dama Fura: Yadda Ake Aiki da Leya da Fitar da Hoto Don Intanet

Darasin da na kawo mana a wannan fitowa ba a aji na koye shi ba, kuskure ne ya koya mini shi, kuma kuskuren a gaban Kawuna na tafka shi.

A watannin SIWES ɗina a wani shagon ɗab'i na zauna a Funtua, inda ake buga katin biki da kalanda da allon talla. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, sana'ar hatsi yake yi. Yana sayen masara da waken suya daga ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur, ya tara a sito, ya sayar wa masu lodi zuwa Dawanau a Kano da masu haɗa abincin kaji a Kudu. Da kaka ta yi sai ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, tunda an ce kwamfuta kake koyo, haɗa mini talla irin wadda nake gani a waya."

Na kwana biyu a kanta. Ta yi kyau kam, ni kaina na yaba. Na adana ta a matsayin JPEG, na rufe kwamfuta, na tura masa. Washegari da sassafe sai ga kiransa: "Ɗana, lambar nan ai ba tawa ba ce." Ashe na juya lambobi biyu na ƙarshe. Kafin in gama neman mafita kuma farashin buhu ya motsa, kun dai san halin kasuwar hatsi da kaka. Na buɗe fayil ɗin in gyara, sai na tarar rubutu da hoto sun zama abu guda, babu abin da zan iya taɓawa ba tare da na ɓata na kusa da shi ba. Dole na faro daga farko. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Allah Ya sa wanda ake ta kira ɗin mai haƙuri ne." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maigidan shagon ne ya zaunar da ni ya ce matsalata guda biyu ce: ban riƙe leya ba, kuma ban san bambancin adanawa da fitarwa ba. Su ne za mu tattauna yau.

Mece ce leya?

Ka ɗauka an ba ka farar leda mai shara-shara guda biyar. A ta farko ka zana gona, a ta biyu buhun masara, a ta uku ka rubuta suna, a ta huɗu farashi, a ta biyar lambar waya. Ka jera su ɗaya bisa ɗaya, ka leƙa daga sama: hoto guda za ka gani. Amma in farashi ya canja, leda ta huɗu kawai za ka zare ka sake. Kowace leda a nan ita ce leya.

Dokokinta ba su da yawa. Leyar da ke sama tana rufe ta ƙasa. Inda leya ba ta da komai, ana hango abin da ke ƙarƙashinta, kuma manhaja kan nuna irin wannan wuri da ƙananan murabba'ai fari da ruwan toka kamar allon dara na Turawa. Sannan duk abin da ka yi, a kan leyar da ka zaɓa kaɗai yake sauka. Rabin kukan sababbin shiga, wato "na goge ya ƙi goguwa", daga nan yake: suna tsaye a kan wata leya suna neman gyara wata.

Abin bai daɗe sosai ba. Wasu 'yan uwa biyu a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, su suka ƙirƙiro Photoshop, kamfanin Adobe ya fitar da shi a 1990. Amma leya ba ta shigo ba sai a Photoshop 3.0 a 1994. Kafin nan masu zane suna cikin irin halin da na shiga a gaban Kawu.

Ni misalin da ya fi zauna mini shi ne na fura. Muddin fura na faifai, nono na ƙwarya, sukari na leda, kana da zaɓi. Da an dama, magana ta ƙare, ba mai iya tsame sukari. Haɗe leyoyi su zama ɗaya, abin da manhaja ke kira Flatten ko Merge, damu ne. A dama wa baƙo ya sha, amma a bar kayan haɗi a ajiye.

Da me za a yi aikin?

Photoshop na kuɗi ne, biya ake duk wata ko duk shekara, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. In ba ka da hali, akwai GIMP, kyauta ne, wasu ɗalibai biyu ne ma irinmu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka faro shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1995. Akwai Photopea, wanda Ivan Kutskir ya gina a ƙasar Cek. Shi ba a girka shi, a burauza ake buɗewa, fuskarsa kusan ɗaya da ta Photoshop, kuma yana buɗe fayil ɗin PSD. Masu waya kuma da yawanku kun san PixelLab da PicsArt da Canva. Sunayen maɓallai ne suka bambanta, tunanin ɗaya ne. Zan yi bayani da Photoshop da Photopea, in nuna inda GIMP ya saɓa.

Mu sake haɗa tallar Kawu

Mataki na farko, tun kafin ka ɗauko hoto, ka tambayi kanka: ina za a ga wannan abu? Tallar Kawu ta sitatus ɗin WhatsApp ce, don haka sabon shafi za mu buɗe mai faɗin fiksel 1080 da tsawon 1920, a tsarin launi na RGB. Fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta da ke haɗuwa ya ba da hoto, kamar ƙwayar gero a mudu.

Na biyu, shimfiɗa. Ka jawo hoton gona ko na sito ya zama leyar ƙasa. Kafin ka taɓa shi, danna Ctrl+J ya yi maka kwafi, ka yi aiki a kan kwafin, ka rufe idon na asali. Alamar ido da ke gefen kowace leya ita ke ɓoye ta ko bayyana ta. A GIMP kwafin leya Ctrl+Shift+D ne.

Na uku, hoton kaya. Ka shigo da hoton buhun masara a leyarsa daban. Danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Convert to Smart Object. Amfaninsa shi ne, in ka rage girman hoto na yau da kullum, manhaja zubar da fiksel take yi, in ka dawo ka ƙara girman sai ya fito dishi-dishi. Wannan kuwa yana riƙe da asalin hoton a ciki, ka rage ka ƙara yadda kake so da Ctrl+T.

Na huɗu, rubutu. Suna leyarsa daban, farashi daban, lambar waya daban, adireshi daban. Kada ka cusa su a akwatin rubutu ɗaya. Kuma kada ka yarda ka mayar da rubutu hoto, wato Rasterize, domin daga nan ba ya sake gyaruwa. Ka bar kamar fiksel 250 a sama da ƙasa ba tare da muhimmin rubutu ba, saboda sunan mai sitatus da wurin ba da amsa suna rufe wuraren.

Na biyar, ka raɗa wa kowace leya suna. Danna sunan sau biyu ka rubuta "farashi", "lamba", "buhu". Na san za ka ce ɓata lokaci ne. To, ranar da ka buɗe aiki mai leya talatin, duk sunansu Layer 14 copy 3, mai aiki kuma yana tsaye a kanka yana duba agogo, za ka tuna da ni. Waɗanda suke tafiya tare ka zaɓe su ka danna Ctrl+G su shiga jaka ɗaya: jakar rubutu, jakar hotuna.

In rubutu ya ƙi fitowa saboda hoton baya ya cika hayaniya, kada ka ƙara masa launuka da inuwa har ya zama kamar motar amarya. Saka sabuwar leya tsakanin hoto da rubutu, ka cika ta da baƙi ko kore mai duhu, ka rage kaurinta a wurin Opacity zuwa kashi 40 ko 50 cikin ɗari. Hoton yana nan ana ganinsa, rubutu kuma ya fito fes.

Maski: ɓoyewa ta fi gogewa

Muna son buhun kaɗai, ba ma son bango da tsohon babur ɗin da ya fito a bayansa. Sabon shiga magogi yake ɗauka ya hau gogewa. Matsalar ita ce abin da ka goge ya tafi, in ka ci kunnen buhu, gobe ba ka da inda za ka samo shi.

Maimakon haka, zaɓi leyar buhun, ka danna alamar murabba'i mai da'ira a tsakiya da ke ƙasan jerin leyoyi. Wani farin akwati zai bayyana a gefen leyar, shi ne maski. Ɗauki buroshi: duk inda ka shafa baƙi a kan maski zai ɓuya, duk inda ka shafa fari zai dawo, ruwan toka kuma ya nuna rabi-rabi. Harafin X yana juya maka tsakanin baƙi da fari. Ba abin da ya ɓace, labule kawai ka ja.

Abu mai miƙaƙƙen gefe kamar buhu ko kwalin taki, buroshi mai tauri ya fi. Amma gwada yanke hoton auduga, wadda aka san ƙasar Funtua da ita, ka ga aiki. Gefenta gashi-gashi ne, buroshi mai tauri zai mayar da ita kamar curin tuwo. Nan sai buroshi mai laushi da haƙuri. Dabara mafi sauƙi ma tun wurin ɗaukar hoto take: ɗora audugar a kan baƙin zane ko shuɗi, a inuwa, ba cikin tsakar rana ba. Masara ja ko waken suya kuma a kan farin buhu. In kaya ya bambanta da bayansa, manhaja da kanta za ta iya zaɓo maka shi, kai kuma ka gyara gefe.

Gyaran haske, da inda ya kamata a tsaya

Hoton da aka ɗauka cikin sito yakan yi duhu. Kada ka gyara hasken a jikin hoton kai tsaye. Akwai leyar gyara, alamarta da'ira ce rabi baƙi rabi fari. Zaɓi Levels ko Curves ko Brightness/Contrast, za ta hau saman hoton ta haskaka duk abin da ke ƙarƙashinta, kuma ko bayan wata guda kana iya ragewa ko cirewa. In buhun kaɗai kake so ta shafa, ɗora ta daidai samansa ka danna Ctrl+Alt+G ta manne da shi.

A nan akwai maganar da ba ta fasaha ba ce, amma dole a faɗe ta. Gyara haske don kaya ya fito yadda ido ke ganinsa daidai ne. Amma ka goge ƙwari da ɓula daga masara, ko ka ƙara wa wake haske ya zama kamar an tankaɗe shi alhali da tsakuwa a ciki, wannan algus ne, bambancinsa da zuba mai kyau a bakin buhu kawai shi ne da linzami aka yi. Mutumin da ke Ibadan ko Legas hoton nan ya gani ya turo kuɗi. Ran da mota ta sauke ya ga saɓanin haka, ba kai zai kira ba, mai kayan zai kira, kuma ciniki ya ƙare ke nan. Yanzu da aka buɗe tashar tsandauri a Funtua a 2024, ana fatan masu saye daga nesa su ƙaru, kuma mai saye daga nesa da hoto yake fara auna ka.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan matsala tamu ce ta masu rubuta Hausa. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Sai ka rubuta "ƙwarai" ka ga akwati a wurin ƙ, ko harafin ya fito da wani salo daban kamar baƙo a gidan biki. Wasu sai su haƙura su rubuta k. To amma akwai bambanci tsakanin "baƙi" da "baki", da tsakanin "ƙafa" da "kafa". Noto Sans na Google da Andika da Charis SIL duk kyauta ne kuma suna da haruffanmu cikakku. Kafin ka zaɓi salo, fara rubuta "ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ" ka gani ko zai ɗauka. In kana waya, saka Hausa a allon rubutu na Gboard.

Adanawa daban, fitarwa daban

Ga inda na faɗi. Kowane aiki fayil biyu yake da shi. Na farko uwar aiki, mai riƙe da leyoyi: PSD a Photoshop da Photopea, XCF a GIMP, a PixelLab kuma Save as project. Wannan naka ne, ba a tura wa kowa sai in an yi yarjejeniya. Na biyu shi ne wanda ka dama don mutane: JPEG ko PNG ko WebP.

Uwar aiki ake fara adanawa, tun leya ta farko, kuma yatsanka ya saba da Ctrl+S, domin wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Ka ajiye kwafi a filashi ko Google Drive. Sai ka fitar: a Photoshop File, Export, Export As, ko tsohuwar hanyar Save for Web da ta shigo tun 1999 wadda ake kira da Ctrl+Alt+Shift+S. A GIMP Ctrl+Shift+E. A Photopea File, Export as. Fitarwa ba ta taɓa leyoyinka, kwafi take damawa ta miƙo maka. Ke nan babu dalilin yin Flatten da hannunka sam.

Wane nau'i za a zaɓa?

JPEG ya fito a 1992, kuma don hoton kyamara aka yi shi. Yana raba hoto gida-gida, fiksel takwas a faɗi takwas a tsawo, ya zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. Shi ya sa ba shi da nauyi. Illarsa uku: ba ya riƙe wurin da babu komai, sai ya cike shi da launi, galibi fari, yana sa datti a gefen rubutu in an matse shi da yawa, kuma duk lokacin da ka buɗe shi ka gyara ka sake adanawa, sai ya ƙara zubar da wani abu. Kamar kwafin kwafin takardar darasi ne, wanda ya karɓa na goma da ƙyar yake karantawa. Kullum daga uwar aiki ake fitar da sabo.

PNG ya zo a 1996. Ba ya zubar da komai, kuma yana riƙe wurin da babu komai. Shi ya dace da tambari, da sa hannu, da hoton fuskar kwamfuta, da zane mai rubutu da launuka kaɗan. Tambarin ƙungiyarku da kuke gani da farin akwati a bayansa a kan fosta mai launi, JPEG aka yi shi, da PNG ne da ya zauna lafiya. Amma kada ka fitar da hoton kyamara a PNG, nauyinsa zai ninka sau da yawa ba tare da ido ya ga ƙarin kyau ba.

GIF na 1987 ne, launi 256 kawai yake ɗauka, yau amfaninsa bai wuce ɗan hoto mai motsi ba. WebP kuma Google ne ya fito da shi a 2010. Yana iya aikin JPEG da na PNG duka, galibi da ƙarancin nauyi, kuma manyan burauzoji na yanzu duk suna buɗe shi. In shafin intanet kake ginawa, kamar 'yan kwamfuta masu furojet, shi ne zaɓi. Amma kada ka kai shi wurin ɗab'i ko fotal ɗin rajista, da yawa ba sa karɓa.

Girma da nauyi

Mu yi ɗan lissafi. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto 4000 sau 3000, wato fiksel miliyan 12. Kowane fiksel yana cin bayit uku, na ja da na kore da na shuɗi, ke nan megabayit 36 in ba a matse ba. Waya tana matse shi ya dawo megabayit uku zuwa biyar. Shafinmu na 1080 sau 1920 kuwa fiksel 2,073,600 ne, kusan kashi ɗaya cikin shida na wancan. Rage girma kaɗai ya kwashe yawancin nauyin, kafin ma a zo matsewa.

Don haka tsarin shi ne: fara rage fiksel, sannan ka rage inganci. A ma'aunin 0 zuwa 100, tsakanin 60 da 80 ya ishi yawancin hotuna. Ma'aunin kowace manhaja daban ne, don haka kada ka haddace lamba, ka duba da idonka: buɗe samfurin a kashi 100, ka kalli gefen rubutu, ka riƙa ragewa har datti ya fara bayyana, sai ka koma baya kaɗan. Tallar Kawu ta biyu ba ta kai rabin megabayit ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dillalin da ke ƙauye a bayan Malumfashi, wanda sai ya fita bakin titi yake samun sabis. Hoton da ya tsaya yana juyawa, wuce shi ake yi.

Girman da aka fi amfani da su: sitatus 1080 sau 1920, hoton Instagram 1080 sau 1080 ko 1080 sau 1350, hoton da ke raka mahaɗin shafi a Facebook 1200 sau 630.

Akwai kuma wata magana da ake yawan yi, wai hoton intanet dole ya zama 72 dpi. Fuskar waya ba ruwanta da wannan lamba, fiksel take ƙirgawa. Hoto mai faɗin 1080 faɗinsa ke nan, ko an rubuta 72 ko 300. Lambar tana aiki ne a takarda: a buga A4 da kyau ana son fiksel 300 a kowane inci, wato 2480 sau 3508.

Launi ma haka. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i da tawada huɗu yake haɗawa, tsarin da ake kira CMYK. Ma'aunin da intanet ta ginu a kai shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996. Wurin fitarwa ka tabbata akwatin Convert to sRGB yana da alama. In ka ɗora aikin CMYK a intanet, koren ganyen masara zai iya fitowa wani iri. In kuma za a buga ne, ka sani kore mai ƙyalli da kake gani a waya tawada ba ta iya kai shi, gara ka gaya wa mai aiki tun kafin ya biya.

WhatsApp, da wani abu da ya shafi tsaro

In ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana sake matse shi, ya rage dogon gefensa zuwa wajen fiksel 1,600. Ko zaɓin HD da suka ƙara a 2023 matsewa yake yi, sai dai da sauƙi. A shago na ga wanda ya turo irin wannan hoto a buga masa allo mai faɗin ƙafa shida. Ƙafa shida inci 72 ne, raba 1,600 da 72, fiksel 22 ke nan a kowane inci. Fuska ta fito kamar an gina ta da bulo. In za ka kai aiki ɗab'i, tura shi a matsayin Document, ko ka kai a filashi.

Amma Document yana da nasa hatsarin. Hoton da waya ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: irin wayar, rana da lokaci, kuma in an bar alamar wuri a kunne, har da daidai inda aka tsaya aka ɗauka. Tura hoto ta hanyar da aka saba yana cire wannan, Document kuwa yana kai fayil yadda yake. Mu da muka fito daga kudancin Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba. Hoton sito cike da buhuna ko na garken shanu, tare da taswirar inda suke, ba abin da za a miƙa wa baƙuwar lamba ba ne. Wurin fitarwa a Photoshop ka sa Metadata a None, a GIMP ka cire alamar Exif, sannan ka kashe alamar wuri a saitin kyamararka. Ka kuma duba hoton kansa: lambar mota, ƙofar gida, fuskokin yara. Maski yana nan don irin wannan. Rigakafi ya fi magani.

Hoton fasfo na fotal

Kowa a nan ya taɓa tsayawa a kafe fotal yana ce masa hoto ya yi nauyi. Karanta abin da aka nema tukuna: nau'i, girma, da iyakar kilobayit. Yanke hoton daga kafaɗa zuwa sama, rage shi zuwa girman da aka ce, in ba a faɗa ba wajen fiksel 300 zuwa 400 a faɗi ya isa, sannan ka fitar a JPEG kana rage inganci kana kallon nauyin da manhaja ke nunawa har ya shiga ƙasa da iyaka. Wurin rage girma ka bar alamar sarƙa a kulle, don faɗi da tsawo su tafi tare, in ba haka ba fuskarka za ta miƙe a katin shaida har ka gama makaranta. Kuma canja sunan fayil daga .png zuwa .jpg da hannu ba ya mayar da shi JPEG, sai an fitar.

Aikin gwaji

Kafin fitowa ta gaba, nemi wani naka mai sana'a, mai ɗinki ko mai sayar da taki ko innarka mai ƙuli-ƙuli, ka haɗa masa talla mai leya biyar aƙalla, kowace da sunanta, da maski ɗaya da leyar gyara ɗaya. Adana uwar aiki, fitar da JPEG da bai kai kilobayit 500 ba, ka tura wa wayar abokinka mafi tsufa ka ga yadda ta fito. Bayan kwana uku ka buɗe ka canja farashi. In ya ɗauke ka fiye da minti biyu, akwai abin da ka dama da wuri.

Sannan ka yi abin da ban yi ba: kafin ka tura, kira lambar da ka rubuta a jikin tallar, kana kallonta harafi-harafi, ka ji wayar wa za ta yi ƙara.

Har yau Kawu yakan kira ni in kasuwa ta motsa, ya ce, "Ɗana, a taɓa mini farashin nan." Kafin ya gama gaisawa da mutanen gida na tura masa. Wanda ya maƙale a wani mataki ya same ni a ɗakin kwamfuta bayan la'asar, mu duba tare. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.